Tun Ran Gini Ran Zane: Ɗakin Karatun Kwaleji da Lissafin Wutar Lantarki

Duk kwalejin da ta samu kuɗin gina sabon ɗakin karatu, abin da ake fara shimfiɗawa a gaban majalisar gudanarwarta shi ne hoton yadda ginin zai kasance: bene hawa uku, gabansa duk shuɗin gilashi, ga wata ƙatuwar ƙofa mai ɗaukar ido. Hoton yakan burge, a sa hannu, a kira ɗan kwangila. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, lokacin da aka ɗauke wuta, dizal kuma ya ƙare a janareta. Cikin rabin awa zauren yakan koma tanda. Tagogin ba sa buɗuwa, domin an yi su ne don na'urar sanyaya ɗaki. Tsakiyar zauren ya yi duhu, domin an dogara ga ƙwan lantarki ko da rana tsaka. Ɗalibai su tattara littattafansu su koma gindin darbejiya, inda aƙalla akwai iska. Wannan sharhi yana tsaye ne a kan magana ɗaya: a ƙasar da zafi ya yi yawa, wuta kuma ga tsada ga rashin tabbas, ɗakin karatun da ya cancanci a kira shi na zamani shi ne wanda ɗalibi zai iya zama ya yi karatu a cikinsa ko an kawo wuta ko an ɗauke. Kuma ana yanke wannan hukunci ne a kan takardar zane, tun kafin a haƙa fandisho.

Lissafin kuɗi shi ne ya fi saurin fahimtar da mutane. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, daga abin da bai kai Naira 70 ba zuwa Naira 225 a kan kowane yunit. Manyan makarantu da yawa sun faɗa cikin wannan rukuni. A ƙaddara zauren karatu mai na'urorin sanyaya ɗaki 40, kowacce tana jan kilowat 1.2, suna aiki awa goma a rana. Yunit 480 ke nan, wato Naira 108,000 a kullum a farashin wancan wata, sama da Naira miliyan 32 idan aka buɗe zauren kwana 300 a shekara, ba a ma sa fitilu da kwamfutoci a ciki ba. Da a ce zauren zai wadatu da fanka 80, kowacce wat 75, yunit 60 kawai zai sha, kashi ɗaya cikin takwas. Abin da ya sa ba a cika yin wannan lissafi ba shi ne aljihu biyu ne ke biya. Kuɗin gini yakan zo a dunƙule daga gwamnati, ko daga asusun TETFund, ko daga wani mai hannu da shuni, yayin da takardar kuɗin wuta ta wata-wata ke sauka a teburin ma'ajin makaranta har tsawon shekara hamsin ko fiye. Wanda ya zaɓi gilashin ba shi ne zai biya kuɗin sanyaya shi ba. A Nijar darasin ya zo da wata fuska a watan Agustan 2023, lokacin da aka katse wutar da ƙasar ke saye daga Najeriya bayan juyin mulki, aka ga yadda ginin da ba ya rayuwa sai da lantarki ke zama kango a rana ɗaya.

Wani zai ce, tunda littattafai da mujallun ilimi sun koma intanet, me ya sa za a ɓata kuɗi a kan gini? Wannan magana tana da rabin gaskiya. Adadin kantocin littattafai da ake bukata ya ragu, kuma ɗalibin da ke da waya zai iya samun abin da a da sai ya yi tafiya zuwa Zariya. Sai dai intanet ɗin ita kanta tana bukatar wuri. Ɗalibin da ke kwana a ɗakin da aka cusa mutum takwas, ko wanda ke zuwa daga gida mai yara da hayaniya, abin da yake nema shi ne kujera, da teburi, da haske, da soket ɗin cajin waya ko kwamfuta, da shiru. Mujallun da makaranta ke biyan kuɗin shiga rumbunsu ma galibi ta hanyar sadarwar makarantar ake buɗe su. Wato aikin ɗakin karatu ya tashi daga ajiyar littafi ya koma ɗaukar mutane na tsawon awanni, wannan kuwa ya ƙara wa matsalar zafi nauyi. Jikin mutum guda a zaune yana fitar da zafin da ya kai kimanin wat 100. Ɗalibai 500 a mako na jarrabawa tamkar an kunna murhu mai ƙarfin kilowat 50 ne a cikin zauren, kafin a ƙara zafin kwamfutocinsu. Ginin da bai tanadi hanyar fitar da wannan zafi ba tun a zane, na'ura ce za ta riƙa fitar da shi da kuɗi.

Mataki na farko, wanda kuma ba ya cin ko kwabo, shi ne inda ginin zai fuskanta. Kano tana kusan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, Sakkwato 13, saboda haka rana tana bi ta kusan tsakiyar ka da tsakar rana. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta takan ɗan karkata arewa, sauran watanni kuma kudu. Ma'anar haka ita ce bangon kudu da na arewa suna da sauƙin karewa, domin 'yar rumfa ko baranda a saman taga ta isa ta tare ranar da ke saukowa daga sama. Bangon gabas da na yamma su ne masu wahala. Hantsi da ranar la'asar suna shigowa ne a kwance, su ratsa taga har tsakiyar ɗaki, kuma ta yamma tana zuwa ne daidai lokacin da gari ya fi zafi. Don haka a shimfiɗa tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, ta yadda gajerun bangwayensa ne za su kalli waɗannan sassa biyu, a kuma jera matakala da banɗaki da ɗakin ajiya a can su zama garkuwa ga zauren karatu. A ƙasar Hausa akwai ƙarin riba. Hadarin damina mai iska daga gabas yake tasowa, shi ya sa magina na gargajiya suka fi kula da yaɓen bangon gabas, ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa. Ɗan ƙaramin bango marar tagogi a gabas ya kare rana, ya kare feshin ruwa, ya rage ƙura.

Sai batun taga. Gilashi yana barin hasken rana ya shiga, ya kuma hana zafin da hasken ya haifar fita, kamar yadda duk wanda ya taɓa barin motarsa a rana ya sani. A ƙasashen sanyi wannan alheri ne, kuma daga can aka kwaikwayo bangon gilashi ba tare da an kwaikwayo dalilinsa ba. Ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine da Najeriya ta fitar a 2017 ta nemi kada tagogi su wuce kashi 20 cikin ɗari na faɗin bango, idan kuwa sun wuce to a yi musu abin da zai ba su inuwa. Ba yawan gilashi ke kawo hasken karatu ba, inda aka sa taga ne. Masana gini sun daɗe da sanin cewa hasken rana yana shiga ɗaki har nisan da ya kai ninki biyu ko biyu da rabi na tsayin saman taga daga ƙasa. Tagar da samanta ya kai mita uku za ta haska mita shida zuwa bakwai. Zauren da ke da tagogi a ɓangarori biyu ke nan kada faɗinsa ya wuce mita 14 ko makamancin haka. Idan ana son ginin ya fi haka faɗi, sai a huda tsakiyarsa da fili, wato tsakar gida, abin da kowane gidan Bahaushe ya sani. Tsakar gidan ɗakin karatu tana kawo haske, tana ba iska mafita, kuma idan aka dasa mata itace aka sa bencina ta zama wurin ɗaliban da ke son tattaunawa ba tare da sun dami masu nazari ba.

Rufi da bango su ne suka rage, kuma a nan ba sai an je nesa neman malami ba. Soron da aka gina da tubali mai kauri, aka rufe da azara da ƙasa, yana shan zafin rana a hankali, bai kai ga ratsawa ciki ba sai dare ya yi, lokacin da iska ta huce. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina wajen shekarun 1830, shaida ne cewa wannan fasaha ta iya rufe babban zaure. Masu zanen gini na wannan zamani sun ɗora a kai. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya lashe lambar Pritzker a 2022, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon rufin sama da silin ya bar sarari a tsakani. Kwano ya sha rana, iska ta ratsa ta ƙarƙashinsa ta kwashe zafin kafin ya sauka kan yara. A ɗakin karatun makarantar ya karɓi tukwanen ƙasa na matan garin, aka yanke bakinsu da gindinsu, aka jera su cikin kankaren silin, suka zama ƙofofin da haske ke zubowa ta cikinsu, iska mai zafi kuma ta bi ta fita. A Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun kammala cibiyar Hikma a 2018. Sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka gyara tsohon masallacin ƙasa na garin suka mayar da shi ɗakin karatu, da hannun maginan yankin. Yankin ne kuma ya fitar da Falke Barmu, maginin masallacin Yama da ya samu lambar Aga Khan a 1986.

Za a iya cewa waɗannan ƙananan gine-ginen ƙauye ne, kwaleji kuwa tana da dubban ɗalibai. Amsar tana Ingila. A shekarar 2000 Jami'ar Coventry ta buɗe ɗakin karatunta na Lanchester, wanda ofishin Alan Short ya zana, gini mai hawa da yawa, faɗinsa kimanin mita 50 ta kowace fuska. Maimakon a rufe shi ruf a cika shi da na'urori, an huda shi da rijiyoyin haske, ɗaya a tsakiya, huɗu a sassan kusurwoyi. Iska mai sanyi tana shiga ta ƙarƙashin ginin, ta hau ta rijiyoyin nan huɗu ta bazu a kowane hawa. Idan ta ɗumama da zafin mutane da kwamfutoci sai ta tashi sama da kanta, ta fita ta rijiyar tsakiya da wasu dogayen bututun bulo da aka jera a gefen ginin. Da dare kuma ana barin iska ta ratsa ta sanyaya kankaren silin, ya wayi gari a shirye ya sha zafin yini. Masu binciken da suka auna ginin bayan an fara amfani da shi sun samu cewa bai sha rabin makamashin da irinsa mai na'urar sanyaya ɗaki ke sha ba, kuma a ranakun zafi cikinsa yakan gaza waje da digiri har biyar. Abin lura shi ne ba a kori na'ura gaba ɗaya ba. An bar ta a hawan ƙarƙashin ƙasa, inda ɗakin kwamfutoci mai aiki dare da rana yake.

Suka mafi ƙarfi ita ce yanayin Coventry ba na Katsina ba ne. Digiri biyar ƙasa da 28 jin daɗi ne, digiri biyar ƙasa da 42 har yanzu gumi ne, kuma tagar da ta shigo da iska ita ce za ta shigo da ƙurar hunturu ta zauna a kan littattafai da cikin kwamfutoci. Wannan gaskiya ne, kuma duk mai zanen da ya kwafo ginin Ingila ya dasa a Sahel ya yi kuskure iri ɗaya da mai kwafo bangon gilashi. Abin ɗauka shi ne hanyar tunanin. Shekararmu tana da fuskoki uku, ginin kuma ya kamata ya iya sauya hali sau uku. Da bazara iska ta bushe, kuma zafi yakan sauka da fiye da digiri 10 bayan rana ta faɗi, saboda haka a rufe tagogi da rana, a buɗe na sama masu raga da ƙarfe da dare, bango mai kauri ya riƙe sanyin asuba. Bushewar iskar ma dama ce, domin iskar da ta ratsa ta jikin abu mai danshi tana yin sanyi, dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi ke nan, kuma akwai na'urorin da ke aiki da wannan dabara da wuta kaɗan. Da damina zafi ya ragu amma danshi ya ƙaru, abin da ake so shi ne iska ta ratsa daga wannan bango zuwa wancan. Da hunturu gari ya yi sanyi da kansa, a rufe, a bar iska ta shigo ta ƙofofi masu matata da za a iya cirewa a wanke, a kuma dasa layin itatuwa ta arewa maso gabas.

Duk da haka akwai wuraren da ba makawa sai na'ura, kuma hikimar ita ce a san su, a ƙuntata su. Takarda tana saurin lalacewa da zafi, danshin da ya wuce kashi 65 cikin ɗari yana kawo fumfuna, bushewa mai tsanani kuma tana sa tsohuwar takarda ta riƙa karyewa. Kwalejin da ke riƙe da rubuce-rubucen ajami ko na Larabci, irin waɗanda ake adanawa a Arewa House ta Kaduna, tana bukatar ɗaki mai tsayayyen yanayi. Haka ma ɗakin manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan makaranta. Waɗannan ɗakuna a sa su a tsakiyar hawan ƙasa, babu taga, bango mai kauri, ƙofa mai rufuwa gam, a kare su daga gara tun daga fandisho. Ƙananan na'urori biyu ko uku sun ishe su. Babban zauren karatu, wanda shi ne mafi yawan faɗin ginin, a ba shi silin mai tsayi da fankoki, domin iskar fanka a jikin mutum tana rage jin zafi da digiri biyu zuwa uku. Idan hukuma ta ga dole a samu zaure mai sanyi don makonnin da zafi ya fi tsanani, ta ware ɗaya, ta yadda idan ya mutu sauran ginin bai mutu tare da shi ba.

Akwai kuma masu cewa duk wannan wahala ce, a shimfiɗa farantan sola a huta. Rana kam muna da ita, kuma an ga misali a Jami'ar Bayero ta Kano, inda a watan Satumban 2019 aka ƙaddamar da tasha mai haɗa sola da batir da janareta, mai ƙarfin megawat 7.1. Amma sola ba kyauta ba ce. Ana sayen farantai da inbata da batir ne gwargwadon nauyin da za su ɗauka, batir yana da shekarun da yake ƙarewa a sake saye, farantai kuma suna bukatar wanki a kai a kai da hunturu. Zauren nan mai shan yunit 480 zai bukaci sola ninki takwas na mai shan 60. Ɗora sola a kan ginin da ke zubar da sanyi ta gilashi ɗiban ruwa ne da kwando. Tsarin da ya dace shi ne a fara rage bukata da inuwa da bango da rufi, a bi da fitilun LED da aka jera layi-layi ta yadda na kusa da taga za su zauna a kashe da rana, sannan a auna abin da ya saura a saya masa sola. A raba wayoyin ginin gida biyu tun farko, fitilu da fankoki da soket da intanet a layi ɗaya da batir zai riƙe har dare, manyan na'urori a ɗaya layin.

Saura zargin cewa ginin ƙasa alamar talauci ne, ba ya ƙarko, kuma tsarin nan zai fi tsada. Bulon ƙasa da aka gauraya da ɗan siminti aka matse da inji ya sha bamban da jan bangon da damina ke zaizayewa, muddin aka ɗaga shi daga ƙasa aka kuma ba shi rufi mai faɗin baki. Kéré ya yi amfani da ƙasa da siminti a cibiyar koyon fasaha ta Kudugu, a ƙasarsu, da aka kammala a 2020, wadda babbar makaranta ce. Ba kuma dole ne ƙasa ta ɗauki nauyin bene ba. Kantocin littattafai suna da nauyi ƙwarai, injiniyoyi sukan tanadi kusan kilo 700 a kowace murabba'in mita, fiye da ninki biyu na ɗakin aji. Wannan aikin ginshiƙan kankare da rodi ne, bulon ƙasa kuma ya cike tsakaninsu ya yi aikin tare zafi. Ta fuskar tsada, baranda da rufi mai hawa biyu suna ƙara kuɗi, amma gilashin da ba a saya ba, da na'urorin da aka rage, da ƙaramin janareta a madadin babba, duk ragi ne, kuma yawancinsu kaya ne da ake shigowa da su da dala. Kuɗin bulon ƙasa kuwa a hannun magina da leburorin gari yake tsayawa.

Abin da ya rage shi ne wa zai zauna a teburin tsarawa. Shugaban ɗakin karatu ya san sa'o'in da zaure ke cika da ɗakunan da ke zama fanko. Ma'aji ya san abin da makaranta za ta iya biya a wata. Ma'aikatan sashen gyare-gyare sun san irin na'urar da ake samun kayan gyaranta a kasuwar garin. Ɗalibai, mata da masu bukata ta musamman a cikinsu, sun san abin da ke hana su zama. A saurare su kafin a ja layin farko, domin gyara a takarda da abin goge fensir ake yinsa, gyara a kankare kuwa sai da guduma. Coventry ta dogara da kwamfuta wajen buɗe ƙofofin iska da rufe su. A wurin da gyaran irin wannan zai yi wuya, taga mai hannu da ma'aikacin da aka koya wa lokacin buɗewa sun fi aminci. A kuma sa wa ginin mitarsa ta kansa, a riƙa karanta ta duk wata.

Ga majalisun kwalejoji da hukumomin da ke ba da kuɗin gini, roƙon guda ne. Duk mai zanen da ya kawo hoto, a nemi ya haɗo da takarda ta biyu mai amsa tambayoyi uku: yunit nawa ginin zai sha a shekara, nawa ne kuɗinsu a farashin yau, kuma kujeru nawa ne za su zaunu da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu idan aka ɗauke wuta. Wanda bai iya amsawa ba, a mayar masa da hotonsa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.